Waɗanda suka taɓa aiki da salon haruffa mai karkata irin na finafinan sararin samaniya, ya kuka ƙare da shi?

Mai_Dizain: Salamu alaikum 'yan uwa. An kawo min aikin logo da bana (allon talla na leda) na wata ƙungiyar masu gasar gem, suna son rubutun nan mai faɗi mai kusurwa huɗu wanda ya kwanta dama kamar yana gudu, irin na jikin jirgin 'yan sama jannati a fim. Kafin in zauna a kai ina so in ji daga bakin waɗanda suka taɓa yi, ina ya yi muku kyau, ina ya ba ku ciwon kai.

Alƙalami: Wa alaikumus salam. Ni dai abu ɗaya zan ce maka malam, kar ka ɗauki miƙaƙƙe ka danna maɓallin italik (mai karkata rubutu) na manhaja ka ce ka gama. Manhaja ture harafin kawai take yi, ba sake zana shi take ba. Buɗe O ɗinka ka zuƙo shi sosai ka gani, sama ta dama da ƙasa ta hagu sun kumbura, sauran gefen biyu sun rame, haka A ƙafar hagu ta zama siririya ta dama ta yi kauri. A sikirin ɗin waya ba wanda zai lura amma ranar da aka buga min irinsa a bana mai faɗin mita 3 daga nesa ma ana ganin haruffan kamar an zauna musu. Wanda mai zanen ya yi wa italik da hannunsa ya riga ya gyara duk wannan. Salon Exo 2 yana da nasa italik ɗin, salon Orbitron kuwa ba shi da shi, duk wanda ka gani a karkace to turawa aka yi.

Hajiya_Vekta: Gaskiya ne. Kuma karkatar ma da iyaka, italik na karatu yawanci wajen digiri 8 zuwa 12 yake, masu son gudu su kai shi 20 ko fiye sai ka ga L da T sun bar rami a tsakani A da V kuma sun rungume juna. Ni da hannu nake gyara tazarar harafi bayan harafi in dai logo ne, kalma ɗaya ce ai, ba ta cin lokaci.

ƊanSitika: Ni ɓangaren yanka sitika nake, to bari in faɗa muku abin da masu dizain ba sa gani. Haruffan nan masu tsini a ƙarshe da 'yan tsage-tsage a ciki, wajen ɓare leda tsinin ne ke fara tashi, an wanke mota kaɗan sai ka ga baki ya ɗaga. In harafin bai kai tsawon yatsa ba ni cewa nake a toshe tsagar ko a sauya salo. Sannan maganar mota, rubutun da ya kwanta dama a gefen dama na mota gaba yake kallo, a gefen hagu kuma baya ya kwanta, wani kwastoma sai da muka tsaya gaban motar muna gardama yana cewa na liƙa a juye alhali haka abin yake. Wasu suna yin na hagun da karkatar hagu, ni ban cika son sa ba, karatunsa na da nauyi.

Alƙalami: Hhh wannan ta mota ban taɓa tunaninta ba wallahi.

Malam_Tarihi: Abin da ke ba ni dariya, salon da muke ce wa na zamani mai zuwa ya girmi iyayen wasunmu. Salon Microgramma a 1952 ya fito daga kamfanin Nebiolo na Turin a Italiya, aikin Alessandro Butti da Aldo Novarese, manyan baƙi kawai gare shi, sai Novarese ya ƙara ƙananan baƙi ya fitar da Eurostile a 1962. Siffar nan ta O mai kama da sikirin tsohuwar talabijin daga nan ta yi suna, finafinan kimiyya suka yi ta amfani da shi har ido ya saba, da ka gan shi sai ka tuna kumbo. Siffar A marar sanda a tsakiya kuwa tambarin NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, na 1975 ne ya ƙara fito da ita, suka ajiye shi a 1992 suka dawo da shi a 2020. Ni na gwada A ɗin nan a fosta, kalma ɗaya ta yi kyau, da na kai layi na biyu mutane suka fara karanta ta V a kife.

Hajiya_Vekta: Yauwa Malam, shi ya sa take kawai nake ba shi. Kwanan wata, lambar waya, adireshi, duk miƙaƙƙen rubutu mai sauƙi nake sa musu, don a waɗannan salon 0 da O da D kusan uwa ɗaya uba ɗaya ne, 5 da S ma haka. Kuma ka buga ɓ ɗ ƙ ƴ tun kafin ka nuna wa kwastoma, da yawansu ba su da su, manhaja sai ta aro daga wani salon ka ga ƙ ɗaya tsaye ƙiƙam a tsakiyar kalmar da ta kwanta. In salon mai lasisin kyauta na OFL ne kana iya zana lanƙwasar da kanka, in na saye ne sai ka karanta sharaɗin tukuna, wasu ma lasisin fosta daban na manhajar waya daban.

Mai_Dizain: Na gode ƙwarai 'yan uwa. Sunan ƙungiyar harafi shida ne kuma akwai A biyu a ciki, za su kuma ɗinka shi a riga da hula. Akwai wanda ya taɓa kai irin wannan wajen masu ɗinkin kwamfuta? Ina tsoron zare ya cike tsagar.

ƊanSitika: Zai cike, musamman a hula. Ka yi musu kwafi biyu, mai tsaga na bana da sikirin, marar tsaga mai ɗan kauri na ɗinki, kuma ka ce su fara gwadawa a ƙyalle kafin su taɓa rigunan.