Kalmar sirri a rautar Cisco: ina ne aka fi yin tuntuɓe?

Malam Habu: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa wajen kulle rautar Cisco, wato na'urar da ke haɗa hanyoyin sadarwar kwamfuta, ta layin umarni. Ni zan fara da abin da na fi tararwa a ofisoshi: an sa `enable password`, an zaci an kulle. Wannan umarnin a fili yake ajiye kalmar, duk wanda ya buga `show running-config` zai karanta ta. Wanda ya kamata shi ne `enable secret`, bayan an shiga `configure terminal`. Idan duka biyun suna nan, na biyun ne ke aiki, amma gara a goge na farkon da `no enable password`, don sau da yawa kalma ɗaya mutane ke maimaitawa a wasu na'urorin.

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam Malam. Ƙari a kan wannan, `service password-encryption` ma ba kulle ba ne, labule ne kawai don wanda ke leƙowa ta bayanka. Abin da yake samarwa shi ake kira nau'i na 7, kuma ana warware shi cikin daƙiƙa ɗaya da manhajojin da suka cika intanet. Ka dubi lambar da ke gaban kalmar a cikin saiti: 7 ba tsaro, 5 MD5 ne, salon ɓoye kalma wanda ya tsufa, 8 da 9 su ne na yanzu. In IOS ɗinka, wato manhajar da ke tafiyar da rautar, ya karɓa, yi amfani da `enable algorithm-type scrypt secret`, shi ke ba da 9. Tsofaffin rautoci ba za su gane shi ba, sai a haƙura da 5 a tsawaita kalmar.

Maman Abdul: Ni matsalar da na fi gyara wa mutane ta layukan shiga ce. A `line console 0`, wato layin konsol da ake jona kebul kai tsaye, sa `password` kaɗai bai isa ba, sai an biyo shi da `login`, in ba haka ba rautar ba za ta tambayi kowa komai ba. A `line vty 0 4`, layukan shiga daga nesa, kuma akasin haka ake gani: `login` yana nan amma babu kalma, sai mai shigowa daga nesa ya ga "Password required, but none set", a yanke shi nan take. Ko ya samu shiga, in ba a sa `enable secret` ba, zai buga `enable` a ce masa "No password set".

Wanda ya fi ciwo shi ne `login local`. Da zarar an sa shi, kalmar da ke kan layin ta daina aiki, sai sunan mai amfani. Wanda ya sa shi a konsol bai riga ya buga `username admin secret` da kalmarsa ba, ya kulle kansa a waje. Sunan ake fara ƙirƙira, sannan a taɓa layin.

Injiniya Bala: Gaskiya ne Hajiya. Shi ya sa kafin a taɓa waɗannan layukan daga nesa, a buga `reload in 10`. In an kulle kai, bayan minti 10 rautar za ta tashi da tsohon saiti. A buɗe taga ta biyu a gwada sabuwar kalmar tun ta farko tana buɗe, in ta shiga sai `reload cancel`, sannan a adana.

Ɗan Damagaram: Maganar adanawa kada a raina ta, musamman inda ake ɗauke wuta ba sallama. Duk abin da aka buga yana cikin RAM ne, ma'ajiyar da ke gogewa in wuta ta ɗauke, har sai an yi `copy running-config startup-config`. Wuta ta tafi kafin janareto ya kama, rautar ta dawo ba kalmar sirri, ba wanda ya lura.

Sai telnet, tsohuwar hanyar shiga daga nesa: yana tura kalmar a fili a kan waya, don haka a koma SSH mai ɓoye ta. A sa `hostname` da `ip domain-name`, don ba za a iya haɗa makulli ba sai da su, sannan `crypto key generate rsa modulus 2048`, `ip ssh version 2`, a layukan vty kuma `transport input ssh`. Makullin da bai kai 768 ba, SSH na 2 ba zai tashi da shi ba. `login block-for 120 attempts 3 within 60` yana rufe ƙofa minti biyu in an yi kuskure sau uku cikin minti ɗaya.

Malam Habu: Ƙananan abubuwa biyu da ke sa mutum ya rantse kalmarsa daidai take: fili (space) a ƙarshen kalma yana shiga cikinta, kuma hakan na yawan faruwa in an kwafo ta daga Notepad. Alamar tambaya kuma rautar na ɗaukarta neman taimako, sai an danna Ctrl+V kafin a buga ta.

Maman Abdul: Ga wanda ya riga ya kulle kansa, ko ya sayi rauta ta hannu da kalmar tsohon mai ita: kebul ɗin konsol a gudun 9600, a kashe a kunna, a aika Break, wato siginar katse tashin rautar, cikin daƙiƙa 60 na farko har a ga `rommon`, yanayin gyara na rautar. A buga `confreg 0x2142`, wanda ke sa ta tsallake saitin da aka adana, sai `reset`. Za ta tashi kamar sabuwa, a ƙi tayin saitin farko, a shiga `enable`. Nan ake asara: `copy startup-config running-config` za a yi, wanda ya juya shi ya shafe saitinsa duka da hannunsa. Bayan nan a canza kalmar, a bi mahaɗan rautar (interfaces) da `no shutdown` don za a same su a rufe, a mayar da `config-register 0x2102`, a adana. In an manta wannan na ƙarshen, duk tashin da za ta yi tsallake saitin za ta riƙa yi.

Ɗan Damagaram: Kuma wannan hanyar a buɗe take ga duk wanda hannunsa ya kai ga rautar, saboda haka akwatinta ya samu kwado. Akwai `no service password-recovery` da ke toshe ta, amma ranar da aka manta kalmar, ba a dawowa sai ta goge saitin baki ɗaya, don haka a fara kwafe shi zuwa wata kwamfuta kafin a sa.