Me ya sa Faransa ta yi wata tara kafin ta shiga Mali?

Baban Hadiza, Yamai:
Assalamu alaikum. Jiya gardama ta kaure tsakanina da ƙanena har shayinmu ya huce. A 2012 ina tuƙa motar kaya zuwa Ayorou, da idona na ga mutanen Gao suna shigowa, tabarmi da butoci a kan amalanke, wata tsohuwa rungume da keken ɗinki. Kidal da Gao da Tumbutu, biranen arewacin Mali, sun faɗa hannun 'yan tawaye cikin kwana uku, ta ƙarshe ran 1 ga Afrilu. Faransa ba ta kawo ɗauki ba sai 11 ga Janairun 2013. Ƙanena ya ce yuraniyom ɗin Arlit ta zo karewa. Na ce to a Afrilu yuraniyom ɗin tafiya ya yi? Masana, ku raba mu.

Malamin Tarihi, Damagaram:
Wa alaikumus salam, Alhaji. A Afrilun nan Faransa na tsakiyar zaɓe, Sarkozy na neman tsira da kujerarsa, bai kuwa tsira ba, Hollande ya kayar da shi a Mayu. A Bamako kuma Kyaftin Sanogo ya kifar da gwamnati a Maris, to wa za a taimaka wa? Sai aka tsaya a kan sojojin Afirka su je. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince ran 20 ga Disamba, ƙuduri na 2085, amma ana ta cewa sai wajen Satumba za su shirya.

Masu iƙirarin jihadi ne suka ɓata lissafin. Ran 10 ga Janairu suka kama garin Konna. Gaba kaɗan Sevare take, inda filin jirgin sama yake, kuma in ya tafi, da wuya a sami wurin sauke soja da kaya a tsakiyar ƙasar. Shugaban riƙon ƙwarya na Mali, Dioncounda Traore, ya roƙi Faransa, washegari aka fara ruwan wuta.

Tsohon Saje:
Malam ya yi bayani, amma ya bar abu guda. Ba a tashi daga barci a kai hari cikin kwana ɗaya. Jiragen yaƙin Faransa suna N'Djamena tun tuni, masu saukar ungulu suna Burkina Faso. An riga an wasa wuƙa, dalili ake jira. Ku duba lokacin ma: Janairu, hunturu, ƙasa a bushe. Wanda ya taɓa tura mota a taɓon damina ya san abin da nake nufi. Haka Amurka ta yi da Saddam: ya shiga Kuwait a Agustan 1990, ta yi wata biyar da 'yan kai tana tara kaya a Saudiyya, sai 17 ga Janairu ta buga, kafin zafi ya kawo jiki.

Maman Ikram, Kano:
Yallaɓai, shiga kam sun iya. Sun ƙwato Gao 26 ga Janairun 2013, Tumbutu kwana biyu bayan nan, Hollande ya je ana ta yi masa guɗa. Fita fa? Rundunar da suka shiga da ita, Serval, ta koma Barkhane a 2014, ba su bar Mali ba sai Agustan 2022, kuma ba da guɗa aka raka su ba. Baban Hadiza, kada ka yar da maganar ƙanenka gaba ɗaya. A Arlit aka sace musu ma'aikata a 2010, ba su manta ba.

Baban Hadiza:
Na gode, Hajiya. Wannan ta ƙarshen ba zan nuna masa ba, don shi zai sayi sukarin yau.