An ja min mota daga filin shaguna, in biya ko in ja da su?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, tun jiya raina a ɓace yake.

Jiya da yamma na kai mahaifiyata kantin magani da ke cikin wani rukunin shaguna, na ajiye mota a filinsu inda kowa ke ajiyewa. Layi ya yi tsawo, ga Hajiya ba ta jure tsayuwa, sai da na nemo mata kujera. Ba mu fi minti talatin a ciki ba, rasit ɗin maganin ya nuna ƙarfe 4:52. Muna fitowa, wayam, babu mota. Na ɗauka sace ta aka yi, sai mai gadi ya ce janwe ce ta tafi da ita. Hajiya na dafe da kafaɗata, ledar magani a hannunta, tana tambayata ko wajen na manta. Wannan ya fi komai yi min ciwo.

Da na zagaya sai na ga allon gargaɗin manne a bango, bayan wani ƙaton kwandon shara. Ƙofar da na shigo kuwa babu komai. Na je inda suka kai motar, suka ce kuɗin ja da na kwana, tsaba kawai, kuma kullum ƙaruwa yake. Na ƙi biya na taho. Shin in bar ta har a bi min haƙƙina?

Dattijon Gida: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya. Ɗana, je ka karɓo motarka yau ɗin nan. Kowane dare da ta kwana, su ke ci, kai ke asara. Biyan ba ya nufin ka amsa laifi. Kafin ka sa hannu a takardarsu, rubuta a kai cewa ka biya ne ba da yardarka ba, ka ɗauki hotonta.

Tsohon Direban Janwe: Ɗan uwa, na yi shekaru a wannan sana'a, bari in gaya maka inda maganar take. Tambaya ɗaya ce: wa ya ba da izinin jan motar, kuma da ƙarfe nawa? Sau da yawa babu wanda ya kira. Direba ne ke sintiri, ana biyansa gwargwadon motocin da ya kawo, ya ga mutum ya shige sai ya ɗaga. Don haka ka nemi kwafin takardar izinin, mai ɗauke da sunan wanda ya sa hannu da lokaci da dalili. Ka kuma nemi rasit mai bayani dalla-dalla, kuɗin ja daban, na ajiya daban. Idan lokacin da suka rubuta ya faɗo a cikin minti talatin ɗin nan, rasit ɗin maganinka ya gama musu magana, domin ya nuna ciniki ka zo yi.

Kada ka fitar da motar daga harabarsu sai ka zagaye ta da kyamarar waya, musamman bamba da ƙasan gaba da tayoyi, nan sarƙa ke yin ɓarna. Da zarar ka fita, cewa za su yi a hanya ka goge ta. Sannan ka koma filin yanzu ka ɗauki hoton allon da kwandon da ƙofar kafin a gyara wajen.

Yaya Babba: Ƙanina, ka binciki dokar inda kake, don ta bambanta ƙwarai. A Ingila da Wales, tun 1 ga Oktoba 2012 laifi ne a ja mota ko a garƙame tayarta a filin da ba na gwamnati ba ba tare da ikon doka ba. A jihar Kalifoniya ta Amurka an yarda a ja, amma sashe na 22658 na dokar motoci ya ce a kafa allo a kowace mashiga, girmansa bai gaza inci 17 da 22 ba, kuma dole wurin ajiyar ya karɓi katin banki. Idan akwai irin wannan a wajenku, ƙofar da babu allo da maganar tsabar nan duk hujjarka ce. Rubuta wa kamfanin da mai filin takarda, ka ba su wa'adi. Suka yi shiru, sai hukumar da ke ba su lasisi ko kotun ƙananan ƙararraki.

Maman Biyu: Ni dai a ganina kafin a kai ga kotu, Malam, ka fara da manajan kantin maganin. Ba zai so a ce an tozarta tsohuwa a ƙofarsa ba, kuma mai filin ya fi jin maganar ɗan hayarsa. Roƙe shi ya adana hoton kyamarar tsaro na jiya, don wasu na'urorin kan goge da kansu bayan 'yan kwanaki.

Mai Tambaya: Na gode, Allah ya saka da alheri. Na karɓo motar, na rubuta rashin yardata kamar yadda Dattijon Gida ya ce. Takardarsu ta nuna 4:41, wajen sa hannun mai izini kuma babu komai. Manajan ya ce in dawo gobe da safe da kwafinta da rasit ɗin maganin.