Neman kalma: matsin da oksijin ke yi shi kaɗai a cikin iska

Malamar Fiziks: Salam jama'a, gobe da safe zan naɗi shirin rediyo kan abin da yake sa numfashi wuya a saman tsauni, na maƙale a abin da Turawa ke kira fashiyal firesha. So nake mai sauraro ya gane oksijin kashi 21 cikin ɗari ne a bakin teku kuma 21 ɗin ne dai a ƙololuwar tsaunin Everest, matsin iskar ne gaba ɗaya ya faɗi daga kilofaskal (ma'aunin matsi) 101 zuwa wajen 34, sai matsin oksijin ya sauko daga kilofaskal 21 zuwa 7. Me zan kira shi?

Abu Kimiyya: Guntun matsi mana Malama.

Injiniya: A'a, guntu abu ne da aka gutsure. Dokar Dalton ta 1801 cewa ta yi kowace iska a cikin gaurayen tana matsi tamkar ita kaɗai ce a mazubin, in ka haɗa nasu duka ka samu jimla. Ni kason matsi nake gani.

Malamar Fiziks: Kaso zai rikita min su Injiniya, ai kason ne nake cewa bai canza ba.

Baba Mai Nahawu: Ku tsaya tukuna. Me ya sa sai oksijin? Iskar rai ba ta ishe mu ba? Matsi ma na takalmi ne, danni ya dace, tunda iskar sama ce ke danne ta ƙasa. Kullum aro, kamar harshen nan ba shi da iyaye.

Abu Kimiyya: Ranka ya daɗe ko tsohuwa a asibiti oksijin take cewa, Larabawa ma aronsa suka yi kuma darajarsu ba ta ragu ba.

Baba Mai Nahawu: Wannan tsakaninsu ne da harshensu, yaro.

Injiniya: Baba danni daga sama kawai yake zuwa, ita kuwa iska ta ko'ina take matsawa har bangon huhu daga ciki. Dokar iska ta PV = nRT, mai haɗa matsi da girman mazubi da yawan ƙwayoyi da zafi, ma abin da take nunawa kenan, in girman mazubi da zafi basu canza ba yawan ƙwayoyin iska matsi yake bi, shi ya sa a saman tsaunin Kilimanjaro mai tsayin mita 5,895 mutum zai cika ƙirji taf amma kusan rabin ƙwayoyin oksijin ya shaƙa, sai haki da ciwon kai.

Uwar Amira: To ku ce matsin oksijin na ƙashin kansa, kowa zai gane.

Malamar Fiziks: Ya ɗan yi tsawo Yaya amma ya fita daidai. Da shi zan fara, daga baya in dinga cewa matsin oksijin kawai.

Baba Mai Nahawu: Ƙashin kan na yarda. Oksijin ɗin ne dai ban sa hannu ba, ki ambaci iskar rai ko sau ɗaya ne.