Ina riƙe ketilbel da dama, hagu ke zafi: ina kuskuren?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Sati uku ke nan da na fara riƙon ketilbel, dunƙulallen ƙarfen nan mai mariƙi a sama. Hannu ɗaya nake riƙe shi a gefe kamar mai ɗauke da akwati, in tsaya cak, kilo 16, daƙiƙa 40 kowane hannu. An ce yana ƙarfafa tsakiyar jiki. Abin da ya ɗaure mini kai, in na riƙe da dama, gefen cikina na hagu ne ke zafi. Ga wuya yana kwana da tsami. Haka abin yake ko ni ke ɓata shi?

Wani da ya daɗe yana ɗaga ƙarfe:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Zafin hagun nan shi ake nema, ka kwantar da hankalinka. Ƙarfen yana jan ka ya lanƙwasa ka zuwa dama, naman gefen cikinka na hagu da tsokar da ta haɗa haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu su ke hana ka karkata. Hannu riƙo kawai yake yi. Tsamin wuya kuwa, kafaɗa kake ɗagewa. Sauke ta, ka bar hannu ya miƙe. Kada kuma ƙarfen ya jingina da cinyarka, in ya jingina cinya ce ta karɓe aikin. Tsaya gaban madubi ka duba: kafaɗu a layi ɗaya, ƙugu bai turo gefe ba. Da yawa garin gudun karkata dama sai su kwanta hagu, shi ma ha'inci ne.

Wata mai koyar da motsa jiki:
Malam, ni ina ganin 16 ya yi maka yawa a yanzu. Tunda kafaɗa na hawa, jiki na neman agaji ne. Koma 12, daƙiƙa 20 zuwa 30, sau uku kowane gefe, kwana biyu ko uku a sati. Fara da hannun da ya fi rauni, ɗayan ya tsaya inda wancan ya tsaya. Kuma numfashi! Ka ɗaure ciki kamar za a kai maka naushi, amma ka ci gaba da shaƙa da fitarwa. In ba ka iya magana kana riƙe, ka ƙulle numfashi ke nan.

Na farkon ya dawo:
Hajiya, ban ƙi ba, amma in ya yi sauƙi da yawa ciki ba zai ji komai ba. In ya sauka 12, to ya riƙa ɗaga gwiwa ɗaya bayan ɗaya a hankali yana tsaye. Nan tsokar gefen ɗuwawu ma za ta shigo.

Wani memba:
A bambanta zafin gajiya da ciwo. In yana suka a ƙashin baya, ko yana sauka ƙafa, ko ƙafa na mutuwa, ajiye ƙarfen ka ga likita. Mai hawan jini ko ƙaba ma ya tambaya kafin ya fara.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na duba madubi, ashe ƙarfen a kan cinyata yake kwance tun farko. Da na raba su, ko daƙiƙa 15 ban kai ba. Gobe 12 zan ɗauka.