Hoto ɗaya na ɗora daga Nepal aka kai ƙarata wajen Hajiya

Mai Tafiya: Salam jama'a, wlh tun jiya raina a ɓace yake. Aiki ya kai ni Nepal, ran hutu na shiga Patan nan gefen Katmandu inda maƙera ke zuba gumakan Buddha da hannu, na ɗau hoto na ɗora, kafin magariba wani ɗan uwa ya kai wa Hajiyarmu wai an gan ni a ɗakin tsafi. Ni fa aikin maƙeran ne ya tsayar da ni. Da kakin zuma suke fara fitar da siffar, su lulluɓe da yumɓu su gasa kakin ya tsiyaye, a zuba narkakkiyar tagulla a gurbin, in ta huce a fasa yumɓun, sannan a shafa zinare haɗe da zaiba a ƙona zaibar ta tashi zinaren ya zauna. Kuma ba abin da aka sa a banza, dogon kunnen nan na Buddha alama ce ɗan sarki ne da ya cire manyan 'yan kunne ya bar dukiya, hannun da ke taɓa ƙasa wai ƙasa ya kira shaida, furen da yake zaune a kai mai kama da bado a taɓo yake tsirowa ya fito fes. Na ce na kuma, aikin hannun nan babu injin da zai kamo ƙafarsa.

Ustaz: Ɗan uwa da bakinka ka ce gumaka. To me kuma ya rage a tattauna?

Ɗan Jami'a: Akaramakallah kuskuren baki ya yi, mutum-mutumi ne ba gunki ba. Buddha mutum ne, Siddhartha sunansa, bai ce shi ya halicci kowa ba. Ɗaruruwan shekaru bayan mutuwarsa ma ba a sassaƙa siffarsa, sawun ƙafa ake yi ko bishiya ko kujera ba kowa a kai, sai wajen shekara 2000 da suka wuce aka fara a Gandhara wajen Pakistan ta yau da Mathura ta Indiya.

Ustaz: Ai ka ƙara min hujja. Su Waddu da Suwa'u na mutanen Annabi Nuhu ba mutanen kirki ba ne aka yi surarsu don tunawa? Ina aka ƙare? Abin da ake kunna wa turare a duƙa masa sunansa gunki ko a jami'a.

Ɗan Jami'a: "ko a jami'a" ɗin nan da wa ake?

Ustaz: Wanda ya tsargu.

Anti Mai Atamfa: Ni dai tambaya, shi ne wannan mai ƙaton tumbi yana dariya da ake ajiyewa a gidan abincin 'yan Chana?

Ɗan Jami'a: A'a Anti, wancan Budai ne, wani mai zuhudu na ƙasar Sin, ba shi ne Siddhartha ba.

Anti Mai Atamfa: Duk dai kanwar ja ce

Mai Tafiya: Jama'a ni maganar aikin hannu na kawo fa. Su kansu sai an cusa nannaɗaɗɗun takardun addu'o'insu a cikinsa an rufe gindin an zana idanu sannan suke ɗaukarsa abin girmamawa, kafin nan kayan shago ne. Kuma ba Buddha kaɗai ba ne, akwai Tara koriya da ta sauko da ƙafar dama alamar a shirye take ta tashi kai agaji, akwai Manjushri mai takobi na sare jahilci, akwai Avalokiteshvara mai hannu 1000 kowane tafi da ido.

Anti Mai Atamfa: Takarda a nannaɗe a cusa a rufe, toh laya kenan

Ustaz: Subhanallah Hajiya a janye wannan, kar a haɗa.

Anti Mai Atamfa: Ba kai ne bara ka ce laya ma ba kyau ba? Yau kuma kai ne lauyanta?

Na Maraɗi: Ku bar batun laya ana zaune ƙalau, kowa ya san inda za ta kai mu.

Ɗan Sabon Gari: Ni abin da ke ba ni haushi mutum ya hau jirgi ya dawo yana mana burga da kaki da yumɓu, wannan zubin ai shi aka yi a Ife da Benin tun kaka da kakanni, har Turawan Ingila suka kwashe na Benin a 1897. Namu ba ya daraja sai na waje.

Mai Tafiya: Yaushe na ce namu ba daraja? Nuna min inda na rubuta.

Ɗan Sabon Gari: Ka ce babu mai kamo ƙafarsa.

Mai Tafiya: INJI na ce malam, inji!

Na Maraɗi: Wai shi Buddhan ba ɗan Indiya ba ne? Me ya kai shi Nepal

Ɗan Jami'a: A Lumbini aka haife shi, yau tana cikin Nepal, wa'azinsa kuma a arewacin Indiya ya yi. Amma har yanzu Akaramakallah bai amsa ba, dokin ƙarfe da ke shataletale shi ma gunki ne?

Ustaz: Ka taɓa ganin an kai wa doki fure da fitila?

Ɗan Jami'a: Sojoji na ajiye fure gaban mutum-mutumin soja duk 15 ga Janairu.

Ustaz: Allah Ya shirye mu baki ɗaya.

Admin: To a tsaya haka. Abin da aka cimma: kalmar gunki ta tabbata kamar yadda Malam ya yi bayani da hujja, Ɗan Jami'a ya kawo sunayen garuruwa da ba mai iya faɗa, kuma kowa ya yarda aikin Benin ne kan gaba. Mai Tafiya a goge hoton a ba Hajiya haƙuri.

Ɗan Jami'a: Wa ya yarda? Mutum ɗaya ne ya ambaci Benin. Dama a makarantar Akaramakallah kake ɗaukar karatu.

Mai Tafiya: Ɗan uwan da ya kai ƙarata yana cikin gurup ɗin nan fa, ina ganin ya karanta komai bai ce uffan ba.