Abin da muka tsayar a mitin kan tufafin waɗanda aka yi wa fyaɗe

A mitin ɗin kulob ɗinmu na wannan satin maganar kayan sawa ce ta cinye lokaci. Da yawanmu ba mu san cewa in an kai wadda aka yi wa fyaɗe asibiti ana iya karɓe kayan jikinta a matsayin hujja ba, to da me za ta koma gida? Shi ya sa muka tsayar za mu haɗa kayan sawa mu kai asibiti.

Wata nas a cikinmu ta ce kamfai da bireziya dole sababbi, a ledarsu, kar wanda ya kawo kwance don Allah. Riga da wando masu laushi marasa rubutu, silifas, audugar mata, kuma a haɗa saiz daban-daban har na yara da na maza, su ma ana yi musu. Wani ya so a buga tambarin kulob a jiki, aka ce a'a, ni ma gaskiya ban ga amfanin ba, tallata ta za mu yi a titi? Ba hoto, ba tambayar suna, a miƙa wa asibiti su raba.

Nas ɗin ta kuma ja kunne: kayan da ke jikin wadda aka yi wa fyaɗen kar a wanke, a sa a jakar takarda ba leda ba don danshi na lalata hujja, sannan maganin kariya daga HIV cikin awa 72 da faruwar abin ake fara shi.